Sanda lamba 7

Yau da safe a filin golf na Kano naga wani matashi ya shigo da jaka cike da sanduna 14, wai yayansa ne ya turo masa daga Ingila, sai dai yayan dogo ne shi kuma gajere. Duk bugun da ya kai sai kan sandar ya tono ƙasa kafin ya taɓa ƙwallon, gumi kawai yake yi abin tausayi. Can wani dattijon kadi, wato mai ɗaukar wa ƴan wasa jakar sanduna, ya matso yace "ɗana miƙe tsaye, saki hannunka", ya auna daga wuyan hannunsa zuwa ƙasa, sannan ya miƙa masa sanda lamba 7 gajeriya mai ɗan laushin jiki, ya gyara masa riƙo yace ajiye direban nan, doguwar sandar bugun nesa, tukuna, wannan da sandar tura ƙwallo rami sun isheka koyo. Bugu na gaba ƙwallo ta tashi sak, yaron ya juyo yana "Baba ka gani?" wallahi har raina naji daɗi.

Tun ɗazu nake tunanin masu sha'awa nawa ne suka haƙura da wasan nan suna zaton su ne basu iya ba, alhali sandar ce ba daidai tsayinsu ba.