Simulacrum: yadda kamanni ya koma zargi a bakin Turawa

Na fara cin karo da kalmar simulacrum ne a cikin wata muƙala ta Turanci da aka ba ni in fassara. Marubucin ya yi amfani da ita wajen siffanta wani zaɓe da aka tanadar masa akwatuna da rumfuna da masu sa ido, alhali an riga an yanke sakamakonsa tun kafin a jefa ƙuri'ar farko. Ƙamus ɗin da ke hannuna ya ce ma'anarta kamanni ko siffa, amma da na rubuta "kamannin dimokuraɗiyya" sai na ji jimlar ta yi lami, ta rasa zafin da ke cikin asalinta. Wannan ne ya sa na ajiye aikin na bi sawun kalmar, domin in san inda ta samo wannan zafi da ƙamus bai nuna mini ba.

Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce, daga Latin aka ɗauko ta ɗungurungum, shi ya sa har yau jam'inta simulacra ne, bisa ƙa'idar Latin. Tushenta shi ne similis, wato mai kama da wani abu, wanda daga gare shi aka sami aikatau simulare, wato kwaikwaya ko sa abu ya yi kama da wani. Da aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar -crum sai aka sami sunan abin da aka ƙera don ya ɗauki kamar wani. Daga wannan gida ne Turanci ya gaji similar da simulate, har da resemble wadda ta biyo ta Faransanci, sai dai su sun zama kalmomin yau da kullum, ita kuwa ta tsaya a cikin littattafai.

A wurin Romawa kalmar galibi ba ta ɗauke da wani aibi. Da ita suke kiran mutum-mutumin abin bautarsu da ke tsaye a haikali, da hoton da mutum ke gani a madubi ko a mafarki, da kurwar mamaci. Mawaƙinsu Virgil ya yi amfani da ita a kan fatalwar Creusa, matar Aeneas, lokacin da ta bayyana ga mijinta a daren da birnin Troy ya faɗi. Hatta atisayen sojoji suna kiransa simulacra na yaƙi, tun da yana da siffar yaƙi amma babu kisa a cikinsa.

Ma'anar da ta fi jan hankalina ita ce ta Lucretius, wanda ya rayu a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A kashi na huɗu na doguwar waƙarsa a kan ɗabi'ar abubuwa ya so ya bayyana yadda ido yake gani, bisa koyarwar Epicurus, masanin falsafa na Girka, sai ya zaɓi simulacra don fassara kalmar Girkanci eidola. A ganinsa, kowane abu yana zubar da wani siririn ɓawo daga jikinsa ba dare ba rana, ɓawon da ke riƙe da siffa da launin abin, ya yi ta shawagi a iska har ya faɗa cikin ido. Ya kwatanta shi da saɓar da maciji ke bari a jikin ƙaya, da hayaƙin da ke tashi daga itace, da yadda launin rumfunan yadi da ake shimfiɗawa a saman dandalin wasanni ke rine 'yan kallon da ke ƙasa. Ilimin zamani ya nuna cewa haske ne ke kai siffa ga ido, amma ina ganin ya kamata a lura da matsayin kalmar a nan. A wurin Lucretius simulacrum wani yanki ne na abin da kansa, kuma shi ne shaidar gaskiyarsa, ba kishiyarta ba.

Addini ne ya juya ta sosai. Lokacin da malamin Kirista Jerome ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 4, kalmar tana cikin waɗanda aka yi amfani da su a kan gumaka. A cikin Zabura an ce simulacra na al'ummai azurfa ne da zinariya, aikin hannun mutane, suna da baki amma ba sa magana, suna da idanu amma ba sa gani. Wasiƙar Yohanna ta fari ma da gargaɗin a guje su ta rufe. Wanda duk ya tashi yana jin wannan karatu a coci ba zai ƙara jin kalmar a matsayin kamanni kawai ba, zai ji ta a matsayin siffar da babu rai a cikinta. Da wannan ma'ana ta fara shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 14, cikin sigar Faransanci simulacre, kuma tana nan a fassarar Littafi Mai Tsarki da ake danganta wa malamin Ingila John Wycliffe da almajiransa. Sigar Latin ɗin kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 16 ta bayyana a rubutun Turanci.

Mai karatun Alƙur'ani zai tuna da wata kalma mai irin wannan tafiya. Tamasil, wadda Annabi Ibrahim (AS) ya kira gumakan mutanensa da ita a aya ta 52 ta Suratul Anbiya, tushenta ɗaya da misali, kalmar da muka ara muke amfani da ita kullum ba tare da tunanin gunki ba.

Zuwa ƙarni na 19 marubutan Ingila sun fitar da ita daga haikali, suna jifan sarauta ko hukuma ko ibadar da ta rage suna kawai da ita. Wannan ita ce ma'anar da marubucin muƙalar da nake fassarawa yake nufi, irin abin da Bahaushe ke cewa kama da wane ba wane ba ne. A 1981 Bafaranshe Jean Baudrillard ya ƙara matsa ta gaba, inda ya kira kwafin da ba shi da asali ko kaɗan da wannan suna, kuma daga nan ta yawaita a rubuce-rubucen jami'o'i.

Hausa ta raba wa kalmomi daban-daban abin da Turanci ya tara a cikin guda: kama da kamanni da tamka ga ma'anar farko, gunki ga ta addini, kurwa ko fatalwa ga ta Virgil, jabu da holoƙo ga ta baya-bayan nan. Na daɗe ina juya "jeka-na-yi-ka", amma ita tana nuni ne ga wanda ake juyawa daga nesa, ba ga siffar da ta rasa ciki ba. A ƙarshe na rubuta "mutum-mutumin dimokuraɗiyya", ina tuna wanda manomi ke kafawa a gonar gero, da riga da hula, tsuntsaye na ganinsa daga nesa suna zaton mai gona ne.