Na rufe naman, na bar jinin a ƙasa

Saniyar ta faɗi da hantsi a wani ƙauye na bakin Gulbin Maradi, wajen Madarunfa, aka yi maza aka sa mata wuƙa don kada ta yi mushe. Kafin in iso har an feɗe. Saifar ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, jinin kuwa kamar kwalta, ya ƙi daskarewa. Ciwon saifa ne, wanda likitoci ke kira sharbon. Na hana a raba naman, na sa aka haƙa rami mita 2 aka rufe shi, na shafa jini a gilashi don gwaji, na hau babur ina ganin aiki ya yi kyau.

Ban tambayi fatar ba, ban kuma waiwayi inda aka yi yankan ba. Har yau abin yana ci mini rai, don na san yadda ƙwayar take. Muddin ba a buɗe gawar ba, ruɓewa na kashe yawancinta cikin ƴan kwanaki. Amma da zarar jini ya sha iska, sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta cikin ƙasa shekaru gommai, rana ba ta kashe ta, dafa nama ma ba abin dogaro ba ne. Jinin saniya guda ya jiƙe gindin bishiyar da awaki ke kwana, ni kuwa na taka shi na wuce.

Kwana 5 bayan nan mahaucin da ya feɗe ta ya ga ƙurji a damtsensa, yana ƙaiƙayi, ba zafi, tsakiyar ta yi baƙi kamar gawayi, gefen ya kumbura. A asibitin karkara aka ɗauka maruru ne, kuma ba laifinsu ba ne, ni ne ban leƙa na ce musu an yanka mai ciwon saifa ba. Fatar tana nan a shanye bayan gidansa, yara na wasa kusa da ita. Ya ce mini: "Likita, ai nama ka ce a rufe, ba ka ce fata ba." Gaskiya ya faɗa. Allah ya sa da aka gane aka ba shi doksisiklin ya warke. Kafin sati biyu kuma jajayen awaki uku suka mutu, jini na fita ta hanci da dubura.

Yanzu dabbar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, ba ta sandare ba, ba mai sa mata wuƙa. A toshe hanci da dubura da auduga, a lulluɓe ta saboda karnuka da ungulu, a ƙone ta ƙurmus a inda ta faɗi, kada a ja ta a ƙasa. In itace bai isa ba, rami mita 2 ne, nesa da rijiya, kuma ban da fadama, don ambaliyar gulbi na tono abin da aka rufe ta watsa shi makiyaya. In an riga an yanka, fata da igiya da tabarma su bi naman, a kankare ƙasar da jini ya taɓa zurfin santimita 20 a haɗa. Ina rubuta duk wanda ya taɓa, in kai asibiti da ƙafata a ranar.

Sauran garken ya tsaya wuri ɗaya kwana 20, ba kasuwa. Masu zazzaɓi a ba su fenisilin, lafiyayyu a yi musu rigakafi, amma kada a haɗa biyun a dabba ɗaya, don ƙwayar rigakafin mai rai ce, maganin zai kashe ta. A jinkirta kamar kwana 10.

Gindin bishiyar nan mun kankare shi a makare, muka kewaye da ƙaya. Duk shekara kafin ruwan farko, da garken ƙauyen nan nake fara allura.