Tsohon gini ba ya son siminti, ba ya son kaɗaici

Kamfaninmu ƙarami ne: magina, kafinta, masu kwaɓa, sai ni da nake karɓar aiki, in yi lissafi, in zauna da masu ginin. Ba ma gina sabo. Tsofaffin gine-gine muke gyarawa, na ƙasa da na dutse da na jan bulo. Mafi yawan masu kiranmu ba attajirai ba ne. Ƙungiyoyin unguwa ne da kwamitocin gari, waɗanda suka yi karo-karo don kada tsohuwar makaranta ko tsohuwar kotu ko gidan wani daga cikin magabata ya rushe a kan idonsu.

Idan na je duba gini, mutane sukan ja ni zuwa gaban ƙofa su nuna mini zanen da ya goge. Ni kuwa sama nake fara hawa. Rufi nake dubawa, da indararo, sannan in sauko in zagaya gindin bango in ga inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke ruwan sama. Shekaru ba su cika kashe gini ba, ruwa ne ke kashe shi. Indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya jiƙa kan bango damina bayan damina, azara ta ruɓe, gara ta samu hanya, wata rana a wayi gari ɗaki ya zube a ce tsufa ne. Shi ya sa kuɗin farko da kwamiti ya tara nake roƙon a zuba shi a rufi da magudana, ko da yake babu mai ɗaukar hoton magudana.

Gardamar da ta fi cin mana lokaci ita ce ta siminti. Kowa ya yarda siminti ƙarfi ne, to me zai hana a lulluɓe tsohon bango da shi a huta? Simintin da muke amfani da shi yau a 1824 aka yi masa rajista a Ingila, alhali gine-ginen da suka girme shi da ɗaruruwan shekaru da ƙasa da farar ƙasa aka yi su, kuma suna tsaye. Bangon ƙasa ko na dutse da aka haɗa da farar ƙasa yana shan danshi, yana kuma fitar da shi idan rana ta buɗe. Da zarar an shafe shi da siminti an toshe masa hanyar bushewa. Danshin da ke tasowa daga tushe sai ya maƙale a ciki, gishirin ƙasa ya taru, bangon ya yi laushi a bayan filastar da ke ƙyalli. Ka ƙwanƙwasa da ƙarfe ka ji ƙarar fanko. Ranar da filastar za ta ɓalle, da naman bangon take tafiya. Kusan duk tsohon ginin da muka shiga, aikinmu na farko sassaƙe simintin da wani mai kyakkyawar niyya ya shafa ne.

Farar ƙasa ba ta da gaggawa. Ana ƙona dutsenta, a jiƙa da ruwa, a bar ta ta kwana ta tsumu, kuma bayan an yi yaɓe a hankali take taurarewa, tana jan iskar da ke kewaye. Dole a riƙa yayyafa mata ruwa, a kare ta daga rana mai zafi. Mai son a buɗe gini kafin ranar biki ba ya jin daɗin wannan bayani, amma ba ni da wani.

Misalin da nake yawan kawo wa kwamiti shi ne babban masallacin Jenne a ƙasar Mali. Ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, na ƙasa zalla, kuma kowace shekara mutanen garin ke fitowa su sake yaɓe shi. Itatuwan da suka fito daga jikin bangon su ne matakalar masu yaɓen, wato tun wajen gini aka yi tanadin gyara. A Tumbuktu ma, ƙubbobin waliyyan da aka rushe a 2012 maginan garin ne suka sake ɗaga su, aka gama a 2015. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka, amma hannun da ya san kwaɓin a garin yake. Inda babu irin wannan hannu, kuɗin waje yakan gyara gini sau ɗaya, a yanka kirtani, a watse.

Wani abu kuma da nake tambaya tun kafin mu yi ciniki: idan an gama, wa zai shiga? Wannan tambaya takan sa ɗaki ya yi tsit. Galibi amsar ita ce gidan tarihi, domin ita ce ta fi saurin zuwa baki. Ban ƙi ba, amma gari nawa ne zai iya riƙe gidan tarihi da ma'aikaci da mai shara? Ginin da aka kulle bayan gyara, cikin 'yan shekaru jemagu da tsiro sun karɓe shi, domin babu wanda zai ga ɗigon farko. Na fi son a ce ɗakin karatu ne, ko ajin koyon ɗinki, ko ofishin ƙungiya, ko a ba masu sana'ar hannu haya a ƙasa a bar sama don taro. Kuɗin hayar, komai ƙanƙantarsa, shi zai sayi kayan yaɓen baɗi. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda masu wannan aiki ke komawa gare ta, ta faɗi haka: amfani da gini don wata buƙatar jama'a yana taimaka wa tsare shi. A Faris tashar jirgin ƙasa ta Orsay, ta 1900, ta koma gidan zane-zane a 1986. A Zanzibar tsohon ɗakin shan magani da ke bakin teku an gyara shi ya zama cibiyar al'adu.

Sauya wa gini aiki kuwa yana da nasa rigima. Za a so wutar lantarki, da famfo, da bayan gida. Wayar wuta muna bi da ita a fili cikin bututu maimakon mu tsaga bango, bayan gida kuma a waje muke gina shi, nesa da tsohon tushe. Duk abin da muka ƙara, muna yin sa yadda wanda zai zo bayanmu zai iya cirewa ba tare da ya ji wa ginin rauni ba. Itacen da ya ruɓe rabi, rabin muke yankewa mu yi masa ƙari. Wasu na ganin rowa ce, amma tsohon ƙyauren da aka maye gurbinsa gaba ɗaya da sabo ya tafi ke nan.

Akwai aikin da nake ƙin karɓa: ginin da magada ba su daidaita a kansa ba. Sai an rubuta wa ke da shi, wa ya ba da izini, shekara nawa ƙungiya za ta riƙe shi, sannan mu kafa tsani. In ba haka ba, ranar da ginin ya yi kyau ranar masu shi ke yawaita.

Ribar sana'ar ba ta da yawa, kuma maginan da suka iya aikin suna tsufa, matasa sun fi son bulo da siminti don ana gamawa da wuri a biya. Saboda haka a kowace kwangila muna sa sharaɗi biyu. Kwamiti zai ba mu matasan unguwa su yi aiki tare da maginanmu, a biya su kamar kowa. Sannan idan za mu miƙa makulli, muna haɗawa da takarda mai shafi ɗaya: a share indararo kafin damina, a cire tsiron da ya fito a kan bango tun yana ƙarami, a toshe tsaga da irin kwaɓin da muka bar musu ma'auninsa, a hau rufi bayan ruwan farko. A ƙasan takardar akwai gurbin sunan mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin, kuma ba ma karɓar cikon kuɗinmu sai an cike gurbin.