Kan jirgin fam 260 da ya kwana wata bakwai a saman wardirob

Har yanzu idan na tuna da kan jirgin ƙasa na wasan nan sai naji wani abu ya tokare min ƙirji, ba wai kuɗin ne kaɗai ba, wautar ce tafi ci min rai, domin tef ɗin awo yana nan cikin durowar kicin tun ranar da muka tare a gidan nan na Leeds, amma ban ɗauko shi ba sai bayan da aka riga aka zare kuɗin daga asusuna.

Aiki uku ne suka shiga kaina lokaci guda, kuma kowa ya san taura biyu ma bata taunuwa balle uku. Na farko babban zagayen layi na OO, wani ma'aunin girman jiragen wasa, akan allo mai ƙafa 8 da ƙafa 4, irin wanda zaka zauna da kofin shayi jirgi yana ta kewayawa. Na biyu shine wanda yake zuciyata, tashar Kano ta zamanin dalar gyaɗa, saboda kakana ma'aikacin reluwe ne kuma da labarin dogo muka tashi, yadda jirgi ya iso Kano a 1911 da yadda ake loda buhunan gyaɗa zuwa Ikko. Na ukun kuwa ɗan ƙaramin abu ne akan kanta, Inglenook, wato wasan jera taragu a 'yan gajerun layuka, wanda lokacin raina shi nake yi, gani nake ai wannan na tsofaffin da suka yi ritaya ne.

Lokacin da nake dashi kuma bai taka kara ya karya ba. Aikin dare nake yi kwana huɗu a sati, ga yara biyu, abinda yake ragewa awa biyu ne daren Lahadi bayan sun yi barci, wani satin ma ko shi babu. Kuɗin da muka yi yarjejeniya da Maman yara fam 40 ne a wata, bayan an cire haya da na turawa gida. Mutum mai hankali da ya kalli wannan lissafin ya san inda ya dosa. Ni kuwa sai na tara na wata shida da ɗan abinda na samu na ƙarin aiki, na zuba gaba ɗaya akan kan jirgi guda ɗaya, samfurin kan jirgin kaya na Ingila da ake kira Class 66, mai sauti na DCC, wato tsarin tuƙi na dijital. Wallahi ranar da ya iso kamar yaro da kayan sallah, wani a kulob ɗinmu na masu jiragen wasa ya ɗora min shi akan layinsu ya kunna, ƙarar injin nan ta tashi, har hon yake yi, nace shikenan na gama.

Sai da na dawo gida na ɗauko tef. Ɗan ɗakin da nake tunanin sawa faɗinsa bai kai mita biyu ba. Kwanar da irin wannan dogon kan jirgin yake buƙata ita ce wadda ake kira kwana ta biyu, mai milimita 438 daga tsakiya, wato kafin layi ya juyo ya dawo ka cinye santimita 88, ka ƙara ɗan gefe saboda kar jirgi ya faɗo ƙasa, allon ya kusa mita ɗaya kenan ko da an matse. Idan na jingina shi da bango hannuna bazai kai can baya ba, kuma duk wanda ya taɓa wannan harkar ya san a can bayan ne tarago yake sauka daga layi, ba ya taɓa sauka a gabanka. Idan na sa shi tsakiya ƙofa bata buɗuwa. Ga gidan haya, ga abin shanyar kaya da a ɗakin yake zama duk hunturu. Maman yara ta leƙo ta ganni tsugune da tef, bata ce komai ba sai "Baban Hanifa, da ka auna tukuna ai", ta juya abinta. Da zagina tayi da yafi min sauƙi.

To sai nace bari na koma kan Kano, tunda tasha ce ana iya yinta a miƙe ba sai da zagaye ba. Nan ma wani abin ya fito da ban taɓa tunani ba. Tsohon dogon Najeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, ba irin na Ingila bane mai 1,435. A ma'aunin OO, wato 1:76, inda ake rage girman komai sau 76, layin da ya dace dashi milimita 14 ne, shi kuma na shago 16.5 ne. Wani dattijo Bature a kulob, mutumin kirki, ya zaunar dani ya zana min a bayan ambulan: ko dai na koma 1:87 da layin milimita 12, ko na hau 1:64 na riƙe layin 16.5 kamar yadda mutanen New Zealand suke yi, tunda faɗin dogonsu ɗaya da namu. Kowanne na ɗauka, kan jirgi da taragu da hannuna zan ƙera, domin ni dai ban taɓa cin karo da samfurin jirgin Najeriya a kwali ba. Mutumin da ko liƙa waya da dalma bai iya ba lokacin. Da awa biyu a sati, na lissafa sai naga Hanifa zata gama sakandare ban gama tarago goma ba. Kuma ko da na iya, me Class 66 zai je yi gaban dalar gyaɗa? Jirgin da sai 1998 ya fara aiki a Ingila.

Haka ya koma kwalinsa, kwalin ya hau saman wardirob. Wata bakwai. Kullum zan kwanta da safe bayan aikin dare sai mun haɗa ido.

Abinda na raina ɗin nan dai shi na dawo na yi. Falanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 30, masauyin layi guda biyu na kamfanin Peco, layi uku masu ɗaukar tarago biyar da uku da uku, sai wuyan da kan jirgi yake ja da baya wanda baya ɗaukar fiye da shi da tarago uku. Alan Wright ne ya fito da tsarin, taragu takwas ne, ka zaɓi biyar ta hanyar ƙuri'a ka jera su yadda ƙuri'ar ta fito, kuma yadda zasu iya fitowa har kala 6,720 ne, ka ga kuwa ba abin da zaka gaji dashi da wuri bane. Shimfiɗa layi da waya Lahadi uku suka ɗauke ni, babu wani labari a ciki.

Labarin yana wajen kan jirgin ne, har nan ya biyo ni. Na ɗauko shi da murna nace yau dai zaka yi aiki, ashe tsawonsa kusan santimita 28 ne, idan ya shiga wuyan nan tarago ɗaya kacal yake iya ja, wasan ya lalace kenan. Wanda ya dace shine ɗan guntun kan jirgin jera taragu, Class 08, da bai kai santimita 12 ba, na samo na hannu a wata kasuwar baje kolin jiragen wasa fam 45, babu sauti babu komai, da tsohuwar na'urar DC, wadda ba ta dijital ba, nake tuƙa shi. Taragun ma na hannu ne, fam 6, fam 8, ɗaya ɗaya duk wata. Duk abinda yake kan falankin nan idan ka haɗa bai kai kuɗin wancan ɗaya ba, kuma wannan lissafin ne yake hana ni sakewa.

Idan wani zai tambaye ni yanzu, abinda zan ce masa ya fara auna ɗaki, sannan ya ƙirga awannin da yake dasu na gaskiya ba na mafarki ba, sai ya zaɓi aikin da jirgi zai motsa a cikin wata ɗaya. Ni abinda ya riƙe ni kenan, ranar da na murɗa na'ura 08 ya ja tarago uku ya wuce masauyi bai tsaya ba. Kuma don Allah kan jirgi shine ƙarshen saye, tsarin layi ne yake faɗa maka wanne zai shiga. Na san masu cewa ka sayi abinda ranka yake so ko don ka riƙa kallo, to su suna da ɗakin saman rufi da fansho, ni fam 40 gare ni.

Kano ban haƙura da ita ba. Na yi 'yar dala guda ɗaya a ƙarshen falankin, buhunan da yumɓun yara na murza su ɗaya bayan ɗaya na shafa musu fenti, kusa da taragun kwal na Ingila, masu tsantseni a kulob suna gani suna murmushi, ni ko a jikina. Akwai kuma tsohon ƙaramin layin nan na Zariya zuwa Jos mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 da aka rufe a 1957, shi layin milimita 9 yana iya tsaya masa, kuma ƙananan kawunan jirgi na wannan layin ana samunsu a shago, sai dai a gyara musu fuska. Wannan karon na riga na auna kantar, santimita 95 ce ta rage.

Class 66 kuwa na sayar dashi watan jiya fam 175, mutumin da ya zo ɗauka har yana tambayata ko wani abu ne ya same shi wai ya ga kamar ba'a taɓa tuƙa shi ba. Nace masa lafiyarsa ƙalau, sau biyu ya taɓa taka layi. Daga cikin kuɗin Maman yara ta karɓi 100 tace ladan ajiyar wardirob ne.