Abin da nake yi kullum don zama lafiya da gazawar zuciya

Mutane da yawa da ke da gazawar zuciya, wato zuciya ta kasa tura jini yadda jiki ke buƙata, suna ɗaukarta kamar zazzaɓi: ta taso, a sha magani, ta kwanta, an warke ke nan. A ganina wannan tunanin yana mayar da mutane gadon asibiti fiye da yadda ake zato. Ni duk abin da nake yi a rana na gina shi ne kan cewa cutar tana nan, har ranar da na tashi garau.

Idan zuciya ta yi rauni, jinin da ke isa ƙoda yakan ragu, sai ƙoda ta shiga riƙe gishiri da ruwa. Ruwan yakan yi kwanaki yana taruwa kafin ƙafa ta kumbura ko numfashi ya fara sarƙewa. Shi ya sa nake hawa sikeli kowace safiya, bayan fitsari, kafin in ci komai, da kaya marasa nauyi, sikelin a kan daɓe mai tauri, sannan in rubuta. Kilo ɗaya da ya ƙaru cikin dare ba ƙiba ba ce, kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Ƙarin da ya wuce kilo 2 cikin kwana 3, a ranar nake neman likitana, ko da kuwa ban ji komai ba. Ina kuma lura da yawan matashin kai da nake tadawa da dare. Wanda ke barci da ɗaya ya wayi gari sai da uku, ruwa ne ya fara hawa huhu.

Wajen magani ne tunani ya fi ruɗar mutum. Furosemide, ƙwayar sa fitsari, aikinta a fili yake: cikin awa guda ka fara zuwa bayan gida, kumburi ya sauka, ƙirji ya buɗe. Sai mutum ya ɗauka ita ce maganin gaske, sauran kuwa ƙari ne. Alhali ita ruwa kawai take kwashewa. Ga wanda zuciyarsa ke tura kashi 40 cikin ɗari na jinin da ke cikinta ko ƙasa da haka a kowane bugu, magungunan da ke tsawaita rai rukuni huɗu ne, kuma ba ka jin aikinsu a jiki: irin su enalapril ko haɗin sacubitril da valsartan, irin su bisoprolol da carvedilol, sai spironolactone, sai dapagliflozin ko empagliflozin. Su ne kuma ake fara jefarwa idan an ji sauƙi.

An gwada wannan a Landan, a binciken TRED-HF da mujallar Lancet ta buga a 2019. Mutanen da zuciyarsu ta buɗe ta yi rauni, daga baya ta murmure da magani, aka janye musu maganin sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likitoci. Cikin wata shida, kusan huɗu cikin goma cutar ta dawo musu. Sauƙin da ake ji, maganin ne ke riƙe da shi.

Akwai kuma masu cewa magani "ya ƙi su". Bisoprolol kan ƙara kasala a makonnin farko, dalilin da ya sa ake farawa da kaɗan ke nan, a riƙa ƙarawa a hankali, kuma tsayar da shi farat ɗaya yana da haɗari. Enalapril kan jawo busasshen tari, maganinsa shi ne likita ya sauya maka da wani, irin valsartan. Duk lokacin da aka fara min enalapril ko spironolactone, ko aka ƙara yawansu, nakan koma gwajin jini na ƙoda da sinadarin fotasiyam cikin mako ɗaya zuwa biyu. Furosemide da safe nake sha, idan sau biyu ne, na biyun kafin la'asar, don kada in kwana ina tashi.

Gishiri, ina tsayawa ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi da abincin gwangwani. Idan takardar jikin kaya ta nuna sodiyam, nakan ninka adadin sau biyu da rabi in sami gishirin. Gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini yawanci fotasiyam ne a cikinsa, haɗa shi da spironolactone kan iya rikita bugun zuciya. Ruwan sha kuwa ba kowa ake taƙaita wa ba. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu ga wanda cutar ta yi wa tsanani ne, kuma da umarnin likita. Idan gudawa ko amai suka kama ni, nakan tambaya ko in dakatar da ƙwayar fitsari, domin bushewar jiki ma tana taɓa ƙoda.

Ibuprofen da diclofenac ba na kusantarsu, suna sa jiki riƙe ruwa. Paracetamol nake sha.

Batun "ka kwanta ka huta, zuciyarka ba ta da ƙarfi" daga ƙauna yake fitowa, amma yawan kwanciya yana narkar da tsoka, hakin ya ƙaru. Idan jiki ya daidaita, tafiya nake yi yawancin ranakun mako, da saurin da zan iya magana ba tare da numfashi ya yanke ba. Ana iya farawa da minti biyar zuwa goma, a kai talatin a hankali. Ranar da nauyi ya hau ko kumburi ya ƙaru ba na fita. Haki ina zaune, ciwon ƙirji, suma, ko tari mai kumfa da jirwayen jini, waɗannan ba na jiran waya ba ne, sashen gaggawa ake nufa kai tsaye.