Fim ɗin da ya rage a firjin maigida

A 2003 aka kai ni koyon ɗaukar hoto a wani shago kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato. Kafin maigida ya bar ni in taɓa kyamara, firji ya fara nuna mini. Ciki yake jera fim, Kodak mai kwali ruwan ɗorawa, Fuji mai kore, saboda zafin garinmu na watan Afrilu kan dafa fim tun ba a ɗora shi ba, hoto ya fito jaja-jaja. Naɗi ɗaya hoto 36 ne. In na je ɗaurin aure a Mabera sai na ƙirga kafin in danna, don ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Ango ya ƙifta ido? Sai bayan kwana uku za ka sani, ka shiga ba da haƙuri.

Farkon 2004 dilan da ke kawo mana kaya daga Kano ya zo da labari: Kodak za ta daina sayar da kyamarorin fim a Amurka da Kanada da Yammacin Turai, inda kyamarar dijital marar fim ke cin kasuwa, amma za ta ci gaba a ƙasashe irin su Sin da Indiya. Rabin labarin na ƙarshe kaɗai maigida ya ji. Ya ce, "Ka gani ko, yaro? Wagga kyamara ta kwamfuta ta Turawa ce, nan ba ta kai labari." Ya ƙaro katan biyu na fim. Ni ma na gyaɗa kai, don a lokacin maganarsa ta yi mini daɗi.

Sai ga Janairun 2006. Cikin wata guda Nikon ta ce ta bar ƙera yawancin kyamarorinta na fim, sai F6 da FM10 kawai, Konica Minolta kuma ta fita daga harkar kyamara gaba ɗaya, ta miƙa wa Sony wani sashe. Tun daga nan na daina sauraron abin da kamfani ya ce zai ci gaba da yi, na koma duba abin da ya rufe da inda ya kai kuɗinsa.

Labarin Kodak ya fi tsaya mini a rai, don halinmu ɗaya. Injiniyanta ne, Steve Sasson, ya haɗa kyamarar dijital tun 1975, amma ribarta na cikin fim da takarda da ruwan wanki, wa zai yanka saniyar da yake tatsa? Mu ma a wanki muke ci, kowane kwafi da kuɗinsa, shi ya sa maigida bai ko son ganin kyamarar da mutum zai leƙa ya ce a goge. Kodak ta kai kanta kotu neman kariyar fatara a 2012. Fujifilm kuwa ta kwashi iliminta na sinadarai ta shiga kayan asibiti, har da man shafawa, Astalift, a 2007.

A 2007 ɗin na tara kuɗi na sayi ƙaramar kyamarar dijital, Canon ta hannu, da firinta. Fasfo na kama, na ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na maniyyata, mutum ya jira minti goma ya karɓa. Maigida ya yi wata uku bai ce mini uffan a kai ba, sai ranar da ya miƙo fuskarsa ya ce, "Ɗauke ni mu gani." Daga baya waya ta zo ta cinye kasuwar ƙananan kyamarorin dijital ɗin su ma, tawa tana cikin durowa.

Da na ji an fito da sabuwar kyamarar fim, Pentax 17, a 2024, na je gaida maigida na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce in buɗe firjin. Zoɓo ne da ruwan leda, sai naɗi ɗaya a can lungu, kwalin ya koɗe. Na ce, "Baba, in ɗauka?" Ya ce in bar masa abinsa.