Hayaƙin tsari da ruwan magarya: inda ake kuskure wajen haɗawa

A ƙauyukan Kano da Jigawa da wuya ka shiga ɗakin tsohuwa ba ka tarar da ƙullin tazargade ko saiwar sanya a rataye ba. Da su ake turara ɗakin maijego, da sabon gida kafin a tare, da yaron da ke firgita cikin dare, don neman tsari daga iska da kambun baka. Abin da ke damuna shi ne, yawancin kayan nan sun lalace tun kafin su ga wuta.

Daga shanya ɓarnar take farawa. Ganye a inuwa ake baza shi, kan tabarma, inda iska ke ratsawa, ana juyawa safe da yamma. Wanda aka bari a tsakar rana koɗewa yake yi, ƙamshin ya gudu. Da hunturu kwana 3 zuwa 4 sun isa. Da damina gara a haƙura, domin ganyen da bai bushe ƙayau ba, in aka ƙulle shi a leda, fumfuna yake yi. Saiwa kuma a faskara ta ƙanana tun tana ɗanya. In saye za ka yi, a kasuwar Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, karya saiwar sanyar ka shinshina: ta gaske warin man zafi take yi. Garin magani kam ban yarda da shi ba, ba ka san me aka cakuɗa ba.

Haɗi mai sauƙi: tazargade cokali 2, kajiji cokali 1, ƙaron hano cokali 1, habbatus sauda rabin cokali. A daka sama-sama, don mai laushi nan take yake cinyewa. Habbatus sauda mai gare ta, in ta yi yawa sai ƙauri. A hura gawayin ƙirya a waje, a jira ya yi ja har toka ta lulluɓe shi, sannan a barbaɗa abin da yatsu uku suka ɗauka, da bisimilla. In harshen wuta ya tashi, garwashin bai nuna ba.

Taga a buɗe, jariri a fitar da shi sai hayaƙin ya lafa, kuma kada kasko ya kwana a rufaffen ɗaki: iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba. Masu zuba barkono ko zaƙami wai don aljani ya yi magana, cutar da mara lafiya suke yi. Sambatun wanda ya shaƙi zaƙami aikin guba ne. Yaron da ke jijjiga da zazzaɓi kuwa, asibiti za a fara kai shi, addu'a ta bi shi a hanya.

Ruwan magarya na karya sihiri ne. Ibn Hajar ya kawo shi a Fathul Bari daga Wahbu bin Munabbih: koren ganye 7, a dandaƙa tsakanin duwatsu biyu, a zuba a ruwa, a karanta Ayatul Kursiyyu da ƙulaƙuzai, a kurɓa sau uku, a yi wanka da sauran. Ɗanye ake nema, busasshe sai in babu. A tabbata magarya ce, ba magaryar kura ba, kuma a yi wankan a wuri mai tsarki, nesa da masai.